Tsintsiya a Fadar Madaci

Masu riƙe da labarin Madaci sun ce a shekarar da Turawan Ingila da na Jamus suka kaure da yaƙi a duwatsun gabas, shamuwa ta yi wa Sarki Mayau rashin kunya. Tun kaka da kakanni, in bazara ta ja baya, bisa tsamiyar ƙofar fada take sauka ta yi sheƙa, mutanen gari su gan ta su san damina ta kusa. A wannan shekara kuwa sai ta ƙetare ganuwa, ta tafi bakin fadama, ta sauka kan wani gawo da baƙi suka kafa bukkoki a gindinsa. Tsuntsuwa ce, ina ruwanta da sarauta. Amma fadawa, da ba su da sana'ar da ta wuce fassara, suka ɗauki maganar suka yi ta juya ta har ta kai kunnen Sarki.

Baƙin nan mutanen Kirya ne, wani tsohon birni can yamma. Nasara sun daɗe da fasa musu ganuwa da igwa. Da yaƙin Jamus ya tashi kuma aka zo aka kwashi mazajensu ɗaukar kaya, aka yi ta jan su daga dutse zuwa dutse, akwatin harsashi a ka, bulala a baya. Waɗanda suka tsira suka koma gida suka tarar yunwa ta ƙarasa abin da igwa ta bari. Sai suka tattara mata da yara da tsofaffi, suka juyo gabas neman inda ƙasa ke da laima.

Jagoransu shi ne Ubandawaki Nomau, dogo ramamme, mai girman kai na ƙin ƙarawa. Irin mutanen nan ne da in sun kwana da yunwa, da safe sai su fito suna sakace don kada a sani. Bukatarsa guda ce: Sarkin Madaci ya yarje musu fadamar nan su yi shuka kafin ruwa ya sauka. In damina ta wuce su babu gona, yaran da ya jawo har nan ba za su ga wata ba, ya kuma san haka sarai.

Da aka ba shi ranar ganin Sarki, sai ya yi abin da kowane ɗan sarauta zai yi. Ya sa tsohuwar alkyabbar ubansa, ya tafi da Sankira, maroƙin gidansu, don ya warware wa fada asalinsa. A tunanin Nomau, da zarar an ji jininsu ɗaya da Sarki, magana ta ƙare.

Suka faɗi suka yi gaisuwa. Dogarai suka ce, "Sarki ya gaishe ku." Sankira ya miƙe, ya gyara murya, ya ɗaga hannu.

"Nomau ɗan Bagudu, Bagudu ɗan Tanko, Tanko ɗan Kyauta mai baƙin doki!" Haka ya yi ta hawa, uba bayan uba, muryarsa na cika soro, har ya kai inda yake so. "Jikan Barau! Barau ɗan fari na Jatau Mai Kirya, Jatau da ya gina ganuwa tun ana yaƙi da barandami, tun ba a san ƙarar bindiga ba. Barau da aka naɗa ranar Lahadi, tambura na tashi, ƙanensa Tunau yana riƙe masa linzami!"

Nan fadawa suka dubi juna. Tunau ɗin nan da aka ce ya riƙe linzami, shi ne ya yi fushi ya baro Kirya ya zo ya kafa Madaci, shi ne kuma kakan duk wanda ya taɓa hawa gadon da Mayau ke kai. Sankira bai yi ƙarya ba ko da kalma ɗaya, abin da ya ɓata lamarin ke nan. Ya zo neman wa ubangidansa gona, ya buge da shaida wa fada cewa baƙon nan ya girmi Sarki a gidan sarauta. Baki shi ke yanka wuya. Nomau ya dubi fuskar Sarki, ya gane magana ta ɓaci.

Ana wata ga wata. Kafin kowa ya yi magana sai Shamaki, ɗaya daga manyan fadawa, ya shigo da wani manzo mai jar hula da guntun wando. Manzon bai durƙusa ba. Ya ajiye harsashi guda a gaban shimfiɗar Sarki, ya ce, "Saje Kwalba ya aiko ni. Ya ce a kai masa hatsi da majiya ƙarfi masu ɗaukar kaya a mashigin kogi kafin kasuwar Juma'a ta ci. In ba haka ba, 'yan'uwan wannan suna nan tafe."

Saje Kwalba baƙin soja ne da Baturensa ya mutu a duwatsu, shi kuwa ya tattara ragowar sojoji da bindigogi da akwatunan harsashi, ya zama sarkin kansa, yana bin garuruwa yana ci. Yanzu yana so ya ƙetare kogi ya yi kudu kafin ruwa ya cika.

Aka fitar da manzo. Nomau ya yunƙura zai tashi, Sarki ya ɗaga yatsa. "Jikan Barau ya zauna. Babba ai ba a yi masa ɓoyon magana."

Madawaki, shugaban mayaƙa, shi ya fara. "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Madaci ba ta taɓa kai hatsi mashigi don tsoro ba. Kowa ya ba kura nama yau, gobe ita za ta zo har gida ta tambaya. A buga tambari."

Galadima Ƙosau ya yi murmushi. Tsoho ne mai sanyin murya, wanda bai taɓa zuwa yaƙi ba, bai kuma taɓa rasa ganima ba. Ya ce, "Allah ya ba ka nasara, Madawaki jarumi ne, amma kibiya ba ta gardama da bindiga. Kirya ma tana da ganuwa, ga mai ita nan zaune a tambaye shi. Saje mutane yake so, bai ce lalle 'ya'yan Madaci ba. Allah ya kawo mana waɗanda suka ƙware da ɗaukar kaya har bakin fadama. A miƙa su. Gari ya huta, shamuwa ma ta gane hanyar gidanta. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, Zaki, kowa kuma ya ji abin da aka faɗa a soron nan yau."

Hakimai suka yi ta gyaɗa kai. Sarki Mayau ya daɗe yana shafa gemu, yana kallon Nomau ta wutsiyar ido. Ba mugu ba ne, amma kujera tana sa mutum tsoron inuwarsa. Ya ce, "Gobe da hantsi za a ji hukunci."

Da la'asar mazajen Kirya suka taru gindin gawo. Dodo, ƙanen Nomau, mai zuciya kamar garwashi, ya soke mashi a ƙasa. "Yaya, ni na gama ɗaukar kayan wani ƙato a duniya. In mutuwa ce, mu mutu a ƙofar birninsu da makami a hannu, a san jikokin Barau ne suka faɗi."

"Mu mutu, to," in ji Nomau. "Matan fa? Yaran fa? Ka rubuta musu wanda zai ci da su?"

Dodo ya juya baya yana huci. Nomau ya juya ga Sankira, wanda tun dawowarsu ya kasa ɗaga kai. "Sankira, wa ya haifi kakana Tanko?"

"Kyauta mai baƙin doki, ranka ya daɗe."

"Shi kaɗai ya haife shi?"

Sankira ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a kirari da mace."

"Ban ce ka yi kirari ba. Faɗi sunanta."

"Yada," in ji Sankira a hankali. "Gimbiya Yada, ƙanwar Sarki Cindo na Madaci, wadda aka kai Kirya aure lokacin da garuruwan biyu suka yi sulhu."

Kowa a wurin ya san wannan, ba asiri ba ne. Sai dai gidan sarauta ta maza ake hawa, sunan uwa kuwa a tsakar gida yake tsayawa. Dodo ya riga kowa gane inda aka dosa, ya zabura. Idan Tanko ɗan Yada ne, Yada kuma ƙanwar Cindo, to zuriyar nan biyu taubasai ne, 'ya'yan mace da 'ya'yan namiji. A al'adar gidan Jatau, taubashi ba a zub da jininsa, ba a sayar da shi, ba a miƙa shi ga abokin gaba. Wanda ya yi, an ce tambarinsa ba ya ƙara amo. Amma wasan yana da farashi. Ɗan namiji shi ne ubangida, ɗan mace shi ne bawa, shi ke zuwa da tsintsiya ya share ƙofa. Wanda kuma ya shiga ta ƙofar mace ya sallama gadon sarauta har abada, shi da 'ya'yansa.

"Yaya!" in ji Dodo. "Igwa ta ci ganuwarmu, yunwa ta ci garinmu, sunan nan kaɗai ya rage mana. Shi za ka shimfiɗa wa jikokin mai riƙon linzami su taka?"

Maganar ta soki Nomau, don shi ma abin da ke cin zuciyarsa ke nan. Da sunan Barau ya jure bulala, da shi ya yi tafiyar nan duka. Ya ji baƙin ciki irin wanda bai ji ba ko ranar da aka fasa Kirya. Ya dubi bukkoki, ya ga mata suna dafa rama babu gishiri, yara na tsugune suna jira. Ya ce, "A samo mini tsintsiya."

Washegari da hantsi fada ta cika maƙil. Nomau ya shigo babu alkyabba, babu rawani, daga shi sai taguwa, tsintsiyar kaba a hammata. Bai faɗi ba, bai yi gaisuwa ba. Ya wuce hakimai, ya sunkuya daf da shimfiɗar Sarki ya kama shara, ƙura ta tashi ta bi ta kan Galadima.

"Hattara!" Dogarai suka zare takubba.

Nomau bai ɗago ba. "Kai, wannan gida da datti yake! Mayau, haka kuke zaune? Dama an faɗa mana 'ya'yan Cindo ba su iya komai ba sai shan kabewa, ashe har shara sai an zo muku daga Kirya. Dubi tumbi, don Allah. Wane doki ne mai tsautsayin ɗaukar wannan?"

Tunda aka gina soron nan ba a taɓa kiran sarki da sunansa a ciki ba. Wani dogari ya ɗora kaifin takobi a wuyan Nomau, yana jiran ƙiftawar ido kawai. Galadima ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Zaki, ya haukace! A fille masa kai!"

Nomau ya miƙe tsaye da takobin a wuyansa, ya ɗaga murya. "Ni ne Nomau ɗan Bagudu, Bagudu ɗan Tanko, Tanko ɗan Yada. Kai ne Mayau ɗan Maidabo, Maidabo ɗan Gajere, Gajere ɗan Cindo. Yada da Cindo nono ɗaya suka sha. Na shigo ta ƙofar uwata, a gaban hakimanka, ba kuwa zan fita ta wata ba. In ƙarya na yi, ga wuya."

Sarki ya juya ga Magajiya Kumatu, babbar matan gidan sarauta, wadda ke zaune gefe a kan buzunta. Tsohuwar ta ce, "Ɗakin Yada yana nan a cikin gida, Zaki. Har yau ba a sa kowa a ciki ba."

Saura abu guda. Wasa ba ya ƙulluwa sai an rama. In Sarki ya yi shiru, Nomau ya zama ɗan iskan da ya zagi sarki, hukuncinsa kuwa sananne ne. Nomau yana jin sanyin ƙarfe a fatarsa, yana jin tsoro ƙwarai, amma ya ƙi sauke ido. Sarki Mayau ya dube shi tun daga ƙafa har ka, ya gane abin da mutumin nan ya ajiye a gabansa, ya kuma gane nauyinsa. Can sai gemunsa ya fara rawa.

"Wai wa ya kwance wa bawan nan igiya?" in ji shi. "Ku dube shi, kamar sandar rake da aka tsotse. Yada ta tafi da ƙiba, ku kuka mayar mana da ƙashi. Share da kyau, ɗan nema, ga can ka bari!"

Soro ya ɗauki dariya, har dogarin da ke riƙe da takobi sai da ya dafe ciki. Galadima kaɗai ya koma ya zauna yana taunar leɓe.

Da aka natsa, Sarki ya ce, "To, ka ɗaure mini hannu. Ba zan miƙa ka ba. Amma Saje yana nan, Juma'a kuma ba ta fasa zuwa."

"Miƙa ni za ka yi, ubangidana," in ji Nomau. "Ni da mazajena duka. Mun ɗauki kayan mutanen nan har kanmu ya yi kanta, mun san abin da Madawaki bai sani ba. Soja ba ya tafiya da harsashi sai ɗan abin da ke ɗamararsa. Sauran duk yana akwati, akwati kuwa yana kan ɗan dako. A mashigin nan akwai gurbi mai zurfi ta hannun hagu, yaranmu can suke kamun kifi. Madawaki ya kwantar da 'yan baka cikin kyauro a hayi biyu, ya jira."

Madawaki ya buga cinya. "Zaki, wannan bawa naka a ba shi goro!"

Ranar Juma'a da safe Galadima da kansa aka sa ya kai 'yan dakon mashigi, don Saje ya fi yarda da fuskarsa. Mazajen Kirya suka jeru da gammo, kai a sunkuye. Dodo yana cikinsu. Bai yi wa wansa magana ba tun ranar tsintsiya, amma ya zo. Saje Kwalba, gajere mai jajayen idanu, ya bi layi yana latsa damatsansu kamar mai sayen shanu, ya yi dariya ya ce Madaci garin mata ne. Aka ɗora musu akwatuna. Nomau ya karɓi mafi nauyi, ya shige gaba.

Suka shiga ruwa, sojoji rabi a gaba rabi a baya, kowa ya ɗaga bindiga sama don kada ta jiƙe. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Da suka zo daidai gurbin, Nomau ya tsaya, ya cika ƙirji da iska.

"Jikokin Yada! A sauke!"

Akwatuna suka faɗa gurbi ɗaya bayan ɗaya, 'yan dako suka nutse suka bi ƙarƙashin ruwa. Kafin sojoji su gane, kyauro ya buɗe ta hayi biyu, kibau suka sauko. Bindigogi suka yi ta tashi, hayaƙi ya rufe kogi, mutanen Madaci da dama suka faɗi, na Kirya ma ruwa ya tafi da wasu. Amma ba a jima ba ƙarar ta fara raguwa. Soja ya laluba ɗamara ya ji wayam, ya waiga neman akwati ya ga ruwa kawai. Bindigar da babu harsashi kuwa sanda ce, sandar ma mara daɗin riƙo. Sai tambari ya tashi daga tudu, Madawaki ya gangaro da masu mashi.

Saje Kwalba ya ga dara ta ci gida. Ya hango Nomau yana fitowa gaɓa, ya saita shi da ƙaramar bindigar da ya ɓoye a ƙugu. Dodo ne ya ɓullo daga ruwa a bayansa, ya rungume shi, suka nutse tare. Ruwa ya yi ta tafasa a wurin. Can Dodo ya taso shi kaɗai, kunnensa na zubar da jini, ya dubi wansa ya ce, "Yaya, ka tsaya kamar gunki, sai an harbe ka?" Nomau ya kamo shi ya ƙanƙame, ya yi kuka a gaban jama'a bai ji kunya ba.

Kafin azahar an gama. Sarki Mayau ya sauko bakin fadama da hakimansa, aka jibge bindigogin ganima a gabansa. Ya sa aka karɓe sandar Galadima Ƙosau, ya ce ya je gida ya huta, tsufa ya kama shi. Sa'an nan ya nuna da hannu tun daga gawo har inda kogi ya karya. "Wannan duka na 'ya'yan Yada ne, su da jikokinsu, babu mai tayar da su muddin akwai sarki a Madaci. Sankira kuma ya yi kirarin ubangidansa yadda ya ga dama, har da linzamin. Mutumin da ya ɗauki tsintsiya saboda jama'arsa, ba na tsoron asalinsa."

Guɗa ta tashi daga bukkoki. Nomau na cikin karɓar gaisuwa sai ga wata tsohuwar ungozoma ta ratso maza, hannunta riƙe da ƙoƙo a rufe. Ta durƙusa ta ce, "Ubandawaki, ana tsakiyar harbin nan matar Dodo ta sauka, namiji. Ga mabiyiya. Duk waɗanda aka haifa a hanya, a daji muka yi ta binne tasu muna wucewa. Wannan fa, ina za a kai?"

Nomau ya karɓi fartanya daga hannun wani, ya taka zuwa tsakiyar bukkoki, ya sara ƙasa da kansa.

"Nan," in ji shi. "Ku haƙa da zurfi. Ɗan garin nan ne."